Kular Baba a Ranar 'Yancin Kai

A Panshekara akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da wayo, sai dai gwana ce wajen ɗaukar rabin magana. Su Kiristoci ne. Babanta, Malam Zakariyya, yana aiki a wani kamfanin roba a Challawa.

Injin da Baba yake kula da shi ba a kashe shi. Don haka suka yi wani shiri da abokin aikinsa, Malam Ashafa. Ran Juma'a Baba zai tsaya shi kaɗai har a sauko daga masallaci. Ran Lahadi kuma Malam Ashafa zai riƙe masa, shi ya tafi coci.

Amma Baba yana da ciwon sukari. In ya sha magani bai ci abinci a kan kari ba, sai jikinsa ya saki. Shi ya sa duk Juma'a yarinyar take kai masa abinci kafin a tafi salla.

A wannan shekarar, ranar samun 'yancin kai ta faɗo ran Juma'a. Tun ran Lahadi malamarsu ta coci ta gaya musu cewa ƙasa ta sami 'yanci, kuma Yesu Almasihu ya 'yantar da su daga zunubi. Sauran bayanin kuwa, mutuniyar tana can tana wasa da ɗankunnenta, ba ta ji ba.

Da Juma'ar ta zo, Mama ta miƙa mata kular abincin Baba, ta ce, “Maza ki kai wa Babanki. Kada ki tsaya ko'ina.”

A hanya ta ga ƙawarta Aina'u cikin yara. Kowa da 'yar tutarsa, suna bin masu ganga. Ta ce a ranta, ai yau ranar 'yanci ce, kowa ya yi abin da ya ga dama. Ta bi su har filin makaranta, ga kula a hannu.

Ba ta tuna da Baba ba sai da ta ga mutane suna dawowa daga masallaci. Nan take ta zura da gudu.

A ƙofar kamfani ta tarar da cincirindo. Malam Ashafa da wasu ma'aikata sun ɗauko wani mutum ranga-ranga. Takalmin ƙafarsa ta fara gani. Na Baba ne.

Kular ta suɓuce daga hannunta. Ko kuka ta kasa.

Aka sa Baba a adaidaita sahu, ita da Malam Ashafa suka shiga, sai asibiti. A hanya Malam Ashafa ya ce a ƙasa ya same shi, narkakkiyar roba tana zuba dab da hannunsa.

Da Mama ta iso, ta tambaye ta inda ta tsaya. Yarinyar ta faɗi gaskiya. Mama ta dafe ƙirji, ta zura mata ido. Wannan kallon ya fi mata duka zafi.

Can da la'asar Baba ya buɗe ido. Ta durƙusa a gefen gadon tana hawaye.

“Baba, ku yafe mini. Malama ce ta ce muna da 'yanci.”

“Gaskiya ta faɗa,” in ji Baba a hankali. “Amma wa ya ɗaure ni a gaban injin nan?”

“Ba kowa.”

“To, kin gani. Da son raina na tsaya, don Malam Ashafa ya samu ya yi sallarsa. Almasihu bai 'yantar da mu don mu yi abin da muka ga dama ba. Ya 'yantar da mu ne don mu riƙe juna. 'Yancin ƙasa ma haka yake.”

Ya kama hannunta, ya ce ya yafe mata. Likita ya ce da ya ci abinci ya huta, za a sallame shi. Sai a lokacin Mama ta yi murmushi.

Yarinyar ta roƙi Baba ya bari ta ba shi abinci da hannunta, ya yarda. Daga ranar ta gane cewa duk mai 'yanci akwai nauyi a kansa, ko da babu mai kallonsa.