Dabinon Bakin Kogin Preveli

"Kada ka taɓa ni, Sifis!"

Argiro ta faɗa tana ja da baya, ruwan kogin mai sanyi har gwiwarta. Santsin dutse ne ya kwashe ta, shi kuma ya miƙo hannu daga gaɓa, kamar ba shekara goma sha ɗaya rabon su da juna ba.

Ya janye hannun a hankali.

"Har yanzu ba ki iya tsallake ruwan nan ba..."

"Kai ma har yanzu ba ka iya gaisuwa ba!"

Jiya ta iso tsibirin Kirit daga birnin Atina, inda take aikin jinya. Da ta san jirgin ruwan da ke kawo baƙi nan nasa ne, da ba ta sauko ba.

Komai yana nan yadda ta bar shi. Kogin na ratsowa ta tsakanin duwatsu, ya bi ta inuwar itatuwan dabino, ya faɗa teku. A gindin wancan dabinon mai doro suke zama tun tana 'yar shekara sha tara, ya kawo cukun akuyarsu, ta kawo zuma, su yi ta musu a kan sunan 'ya'yan da ba su haifa ba.

Sai dai akwai jini tsakanin gidajensu. Kawun Sifis ne ya harbe wan mahaifinta a rikicin awaki, tun ba a haife su ba. Ranar da Pagona, 'yar goggonta, ta kai tsegumi gida, mahaifinta, Baba Manusos, ya daki tebur ya ce, "In ina numfashi, ba za a yi ba!"

"Ina matar taka?" ta tambaya tana kallon teku.

"Wace mata?"

"'Yar yankin Sfakiya mana. Wadda aka yi muku baiko."

Ya tsaya yana kallon ta.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Pagona. Har da kukanta, wai tausayina take ji."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya zauna a kan yashi.

"Ni kuma ce min ta yi kin bi wani likita. Wasiƙa uku na ba ta ta aika miki. Daga baya ta fara kawo min abinci bakin jirgi, tana cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse..."

Argiro ta fito daga ruwan, ta durƙusa nesa da shi kaɗan.

"Ko ɗaya ban gani ba, Sifis. Wallahi ko ɗaya!"

"Ni kuwa ban yi aure ba, hasken idona. Na gwada son wata, zuciyar ta ƙi."

Hawaye suka ɓalle mata. Ƙuruciyarta take yi wa kuka, da duk ranakun da ta tsane shi a banza.

"To me ya rage? Baba yana nan da rantsuwarsa."

"Wa kike zaton yake karkaɗe masa zaitun shekara uku ke nan, tun da ƙugunsa ya karye? Shekarar farko da sanda ya kore ni. Ta biyu ya yi kamar bai gan ni ba. Bara ya ce in zauna mu ci abinci." Ya matso. "Wa ya ce ki sauko nan yau?"

Sai ta tuna. Da safe Baba ne ya matsa mata, wai ta je ta sha iskar teku, kuma lallai kafin jirgin rana ya tashi.

"Tsohon nan...!"

Tare suka hau matakalar dutsen da ke kaiwa ƙauyensu, tana haki, yana tsokanar ta wai birni ya lalata ta. Suka tarar da Baba Manusos a ƙofar gida, sanda a kan cinya.

"Baba..." Argiro ta fara.

"Na binne ɗan'uwana, 'yata," ya ce, bai ɗago ba. "Saura kaɗan in binne ki da ranki a kan laifin da ba naku ba."

Sannan ya nuna Sifis da sandar.

"Kai kuma, ɗan masu taurin kai, sai an gama tsinkar zaitun za a yi bikin. Ba zan rasa ma'aikaci da 'ya a wata ɗaya ba!"