Sallamar da Inna Ba Ta Amsa Ba

"Ba zan cire ba, Nusaiba. Ki ce in yi komai, amma ban da wannan."

"Daƙiƙa bakwai ce fa, Yaya Ukasha! Bakwai kacal!"

"Na san ko nawa ce. Ni na riƙe masa wayar ranar da ya ɗauka, a zauren nan da muke tsaye."

Nusaiba ta juya ta kalli bangon zauren kamar za ta ga wani a jingine. Ba kowa, sai tsohuwar tabarma da igiyar akuya. Shekara guda ke nan Ukasha bai wuce zauren gidansu ba, shi da a da har madafi yake shiga ya buɗe tukunyar Inna ba tare da an ce masa ci kanka ba.

"Inna ramewa take yi," ta faɗa a hankali. "Duk ranar da muka ɗora bidiyo ba ta cin abinci. Ni nake gidan, ni nake gani."

"Ni take jin haushi, ba muryar ba. Kowa a Bebeji ya san haka."

"Ba ta taɓa faɗa ba..."

"Sai ta faɗa? Sau biyu Kawu Surajo yana yi mata maganar aurenmu, sau biyu tana cewa ba yanzu ba." Ya gyara jakar kyamarar a kafaɗarsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Rabin raina, ki fahimce ni. Muryar nan ita kaɗai ta rage mini."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya bar ta da ƙurar hanya.

Muryar da suke faɗa a kanta ta Jibrin ce, yayan Nusaiba, aminin Ukasha tun suna firamare. Su biyu suka buɗe shafin wasanni na intanet mai suna Bakin Fili shekara uku da suka wuce, da waya ɗaya mai tsagaggen gilashi. An yi musu dariya har an gaji. Wa zai ƙona datarsa a kan ƙwallon 'yan ƙauye, ga ta Turai a gidan kallo? Jibrin dai abu ɗaya yake cewa: ɗan Badafi ma yana da uwa, kuma za ta so ta ga ya zura ƙwallo a raga.

Haka suka dinga bin filaye daga Kiru zuwa Tiga, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, suna hawa tudu neman sabis, suna bin masu caji da roƙo. A hankali mabiya suka kai dubu goma sha tara. Wani gola ɗan Badafi har wata ƙungiya a Kano ta kira shi gwaji saboda bidiyonsu, ubansa ya aiko musu da zabbi biyu. Masu dariyar nan kuwa su ne yanzu suke tare su a hanya suna cewa, "Yaushe za ku zo namu filin?"

Kowane bidiyo da murya ɗaya yake buɗewa, sakakkiya, mai dariya a cikinta: "Assalamu alaikum, masoya tamaula! Jibrin ne, daga bakin fili!"

Daminar bara aka yi wasan ƙarshe a Doguwa. Ukasha ne ya kamata ya je. Amma ranar ce Kawu Surajo, waliyyin Nusaiba, ya ce ya zo ya gan shi a kan maganar aurensu, sai Jibrin ya karɓe jakar yana tsokanarsa. "Tafi neman aurenka, suruki, ni zan je." Ya je, ya ɗauki wasan. A hanyar dawowa babbar mota ta haɗu da babur ɗinsa.

Tun daga nan Ukasha ke zuwa filaye shi kaɗai, Nusaiba kuma ta ɗauki kwamfutar yayanta tana yanka bidiyo tana haɗawa a ɗaki. Soyayyarsu ba ta mutu ba, amma kullum akwai mutum na uku zaune a tsakaninsu, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin ce masa ya tashi.

Ranar Asabar da hantsi Nusaiba ta ɗora wasan Kiru da Tiga, ta fito tsakar gida ta taya Inna tankaɗe. Bayan katangarsu akwai bishiyar darbejiya inda masu babur ke jiran fasinja, ga shagon mai caji a gefe. Ko minti biyar ba a yi ba muryar ta tsallako katanga.

"Assalamu alaikum, masoya tamaula!..."

Hannun Inna ya tsaya a kan rariya. Leɓenta ya motsa. Nusaiba ta sha ganin haka, ta ɗauka addu'a ce. Amma yau gwiwarta na gogar ta Inna, sai ta ji.

"Wa alaikumus salam."

Wata wayar ta ɗauka daga shagon caji. Inna ta sake amsawa. Wani ya maimaita don ya nuna wa abokinsa, ta sake amsawa. Nusaiba ta ƙirga har sha ɗaya, garin na zubewa a ƙasa ba wanda ya kula.

"Inna... wa kike amsa wa?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Inna, don girman Allah!"

"Sallama ai amsa ta ake yi." Inna ba ta ɗago ba. Jibrin ɗan farinta ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. "Ranar da yaron nan zai tafi, na ce ya bi 'yan ƙwadago gonar masara, ciyawa ta cinye ta. Ya ce ƙwallo. Raina ya ɓaci. Ya zo ƙofar ɗakina ya yi sallama, na juya masa baya. Ya sake. Ya yi ta uku, ya ce, 'Inna, zan tafi.' Ina jin sa, Nusaiba! Ina jin numfashinsa a bayan labule! Na ce a raina bari in hora shi, in ya dawo na amsa..."

Rariyar ta suɓuce daga hannunta.

"Ga shi ya dawo. Kullum yana bayan katanga yana yi, ina amsawa, ba ya ji."

Nusaiba ta rungume ta, ta ji ƙasusuwan bayanta ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba Ukasha Inna ke tuhuma ba, kanta take tuhuma. Ta yaya za ta tara mutane a yi guɗa a gidan da ɗanta ke tsaye a waje yana jiran amsa?

"Kada ki faɗa wa kowa," in ji Inna. "Ko shi."

Washegari Ukasha ya turo hotunan wasan Tudun Wada. Nusaiba ta daɗe tana kallon ɗan guntun muryar a allon kwamfuta. Tana son Ukasha, so irin wanda ko sunansa aka ambata sai ta ji a cikinta, kuma ta san abin da za ta yi zai iya raba su. Ta runtse ido ta danna. Bidiyon ya fita ba sallama.

Kafin azahar wayarta ta yi ƙara.

"Me kika yi?"

"Yaya Ukasha..."

"Kin duba abin da mutane ke rubutawa? 'Ina Jibrin?' 'Har kun manta da shi?' Sama da mutum ɗari biyu! Me zan ce musu?"

"Ina da dalili."

"Faɗa mini!"

Ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

"Ni na aika shi Doguwa, Nusaiba," muryarsa ta karye. "Ni ya kamata motar nan ta ɗauka. Yanzu ke kuma kin sake binne shi, da hannunki!"

Ya kashe. Bai sake kira ba, bai zo zaure ba. Hotuna dai yana turowa, ba gaisuwa, ba ko "ya gida", ita kuma tana haɗawa da hawaye. Namiji in ya yi fushi sai ya ɗauka shi kaɗai Allah ya yi wa zuciya.

Bayan katanga ya yi tsit. Sababbin bidiyo sun danne tsofaffi, yanzu sai ihun 'yan kallo da usur ɗin alƙalin wasa. Nusaiba ta yi zaton Inna za ta samu sauƙi, ta yi ta zuba ido ta ga ta ƙara ko loma ɗaya.

A rana ta shida ta fito ta tarar Inna ta ja kujerarta ta tsugunno har gindin katanga, cikin rana, ta kara kunne da bango.

"Inna, me kike yi a nan?"

Inna ta ɗago idanu jajur. "Ya daina."

"Wa?"

"Ya gaji da jira, ya yi fushi, ya tafi. Yanzu ko amsar ma ba ni da inda zan kai ta."

Nusaiba ta dafe kai. Ta rasa Ukasha don ta ceci Inna, ga shi ta ƙara tura ta rami. Ta shiga ɗaki ta ɗauki waya. Alƙawari ta yi, ta sani, Allah ya yafe mata. Ta kira sau huɗu kafin ya ɗauka, ana jin hayaniyar fili a bayansa.

"Kada ka kashe. Ka saurare ni minti biyu, in ka so kada ka ƙara kula ni har abada."

Ta faɗa masa komai, gonar masara, labule, sallama uku, kujerar gindin katanga.

"Yaya Ukasha?"

"Inna lillahi..." in ji shi. "Ba ta amsa ba ta ce? Nusaiba, kin taɓa jin asalin ɗaukar? Wadda ba a yanke ba?"

"A'a. Guntun kawai na tarar a kwamfuta."

"Tana tsohuwar wayata. Ina Kiru, ga ni nan zuwa. Ki ce wa Inna ta fito zaure."

Ana kiran la'asar ya iso, ƙafafunsa duk jar laka, ya bar wasa ana tsaka da yi, abin da bai taɓa yi ba. Da ƙyar Nusaiba ta lallaɓo Inna zuwa ƙofar ciki. Ukasha ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, barka da yamma. Ki gafarce ni, abu ɗaya nake so ki ji."

Bai jira amsa ba ya danna wayar mai tsagaggen gilashi. Aka ji ƙugin iska, kukan akuya, sai muryar Ukasha yana cewa, "To, fara." Sannan ita.

"Assalamu alaikum, masoya tamaula! Jibrin ne, daga bakin fili!"

Leɓen Inna ya buɗe zai amsa. Amma wata ta riga ta. Daga cikin wayar, daga can nesa a cikin gida, wata murya mai ƙarfi da ƙoshin lafiya ta taso.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah! Wai wane ne ke ta doka sallama a zaure tun ɗazu? A shigo mana!"

Dariyar Jibrin ta cika zauren. "Kai! Inna ta amsa! Inna, aiki muke yi, kin ɓata mana ɗauka!"

"Aikin banza! Ku shigo ku ci tuwo kafin ya huce."

"Allah ya bar mana ke, Inna! Ukasha, bar wannan ɗin, ita ta fi daɗi. Mu yanke ƙarshen kawai."

Wayar ta yi shiru.

"Sau tara ya ɗauka ranar," in ji Ukasha, hawaye na bin gemunsa. "Wannan ya zaɓa, saboda amsarki. Mu muka yanke ta, Inna. Duk wadda kika ji a bayan katanga ita ce wannan. Kin amsa ta tun ranar farko, kuma ya ji."

Inna ta zame ta zauna a dandaryar ƙasa. Ta miƙa hannu, ya sa mata wayar a ciki, ta riƙe ta da hannu biyu kamar yadda ake karɓar jariri ranar suna.

"Sake sa mini."

Ya sake. Da aka zo wurin dariyar, kukan da ta riƙe shekara guda ya ɓalle, Nusaiba ta faɗa jikinta suka yi tare. Masu babur a waje suka rage sautin wayoyinsu.

Da Inna ta samu numfashi, ta kai wayar kusa da bakinta.

"Jibrin."

Nusaiba ta ɗago a firgice. Tunda take a duniya ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba.

"Jibrin, na amsa. Ta ranar nan ma na amsa, duk ukun. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Allah ya haskaka makwancinka."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta dafa kafaɗar Nusaiba ta miƙe. "Ku mayar masa da muryarsa a abin naku. Amma wannan doguwar tawa ce." Ta juya ta shige gida da wayar a ƙirjinta.

Ukasha ya tsaya a inda ya saba tsayawa, bakin ƙofar waje, yana murza hular da ya cire. "Ki yafe mini, rabin raina. Na faɗa miki magana mai zafi."

"Sai na yi shawara," ta ce, tana dariya tana kuka.

Daga tsakar gida muryar Inna ta taso, a dashe, amma da ɗan ƙarfinta na da. "Shi wancan a zaure zai tabbata? Ga tuwo. In ya ci, ya biya ta wurin Surajo ya ce masa ina neman sa gobe."

Ukasha ya kalli Nusaiba, ya kalli ƙofar da ya shekara bai ƙetare ba. Ya cire takalmansa masu laka, ya taka a hankali har bakin labulen buhu.

"Assalamu alaikum, Inna."

Ko rufe baki bai yi ba ta amsa.