Mayafin Inna a Bakin Zuƙau

Na'urar Zuƙau ta rufe bakinta a kan mayafin, ta fara gurnani a hankali. Sallau yana tsaye bayan gilashi, a hawa na arba'in na gidan adana ƙamshi da ke Sabuwar Gusau. Mayafin Innarsa ne, wadda ta rasu sati uku da suka wuce. Shekara talatin tana dafa daddawa, har warin ya zauna a jikin kayanta tare da hayaƙi da man kaɗanya. Sauran kayan an wanke an raba. Wannan kaɗai ya rage.

Injiniya Kubura, mai kula da na'urar, ta riga ta yi masa bayani. Ƙamshi wasu 'yan ƙwayoyi ne da ke tashi daga jikin abu. Can saman hanci akwai wuraren kama wari kusan iri ɗari huɗu, kowace ƙwaya da waɗanda take taɓawa, daga nan saƙo ya zarce kusa da inda ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da ya wuce. Zuƙau takan tsotse ƙwayoyin kaf, ta adana waɗanda suka fi yawa, ta ƙone raguwar a matsayin datti. Sau ɗaya ake yi.

Fitilar na'urar ta koma koriya. Kubura ta miƙo masa ɗan bututu. Ya rufe ido ya shaƙa.

Turaren wuta ne, irin na kowane gida.

"Injiniya, wannan ai ba Inna ba ce."

"Abin da ke jikin mayafin ke nan, Malam."

Ya juya ga yayarsa Tabawa, wadda ta kawo mayafin a jaka. "Yaya, me kika yi masa?"

"Turara shi na yi da safe. Haba Sallau, a kawo kayan Inna gaban mutane yana warin daddawa? A ce mu ƙazamai ne?"

"Warin nake nema, Yaya."

Tabawa ta dafe baki.

"Na tambaye ku ko an wanke, kun ce a'a," in ji Kubura, muryarta ƙasa-ƙasa. "Waɗanda suka ƙera Zuƙau ba su san da kaskon turare ba."

Aka fito masa da mayafin. Ya cusa fuska a ciki, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya yi zafi. Babu daddawa, babu hayaƙi, ko warin yadi babu. Ya yi ƙoƙarin tuno warin da kansa. Fuskarta ta zo, muryarta ta zo, hancinsa kuwa shiru.

"Ga bututunka, Malam," in ji Kubura. "Shekara ɗari zai yi bai lalace ba."