Baƙin Gansakuka a Tafkin Alhaji Lawwali

Zan faɗi abin da na gani a Wurno, da abin da mai gidan ya gaya mini da bakinsa. Ban ƙara kome ba.

Aikin tace ruwa na karanta a Indiya. Wata biyu da dawowata, yayata Sharifa ta ce mijinta, Alhaji Lawwali, yana so in duba tafkin wankan da ya gina a bayan gida. Lokacin da na tafi Indiya, Lawwali yana ɗinke wa wasu buhunan albasa a kasuwar Goronyo. Na dawo na tarar da tireloli suna kai albasarsa Kudu.

Baƙin gansakuka ne, ɗigo-ɗigo a bango da ƙasan tafkin kamar an watsa kwalta. Na san shi. Yana kafa saiwa cikin siminti, samansa kuma da santsin da ke hana magani shiga. Sai an kankare da buroshin ƙarfe, a zuba kulorin mai yawa, a wanke matatar, a bar inji yana juya ruwan. Na yi haka. Kwana huɗu ya dawo, a daidai inda yake. Na ninka maganin har idona yana yaji. Ya dawo.

Na ce wa Lawwali saura hanya ɗaya: a kwashe ruwan kaf, a wanke simintin da asid. Ban rufe baki ba ya ce a'a. Ban taɓa ganin ya tsoma ko ƙafa a tafkin ba.

Gidan ma bai kwanta mini ba. Mahaifiyarsa, Inna Tani, ta rasu bara, ta bushe a tsaye, abinci ba ya wuce mata wuya. Ƙanensa Ƙasimu yana kulle a ɗaki, yini yake yana tofar da yawu. Sharifa ta rame.

Wata Azahar na ga ta ɗebi ruwan tafkin a buta. Na yi mata faɗa saboda maganin da ke ciki. Ta ce injin rijiyar gidan ya daɗe da lalacewa, 'yan garuwa ba sa wadatar da su, kowa a nan yake ɗiban na alwala. Na sa ta buɗe baki. Ƙarƙashin harshenta akwai baƙin ɗigo uku.

Na je na duba injin rijiyar. Lafiyarsa lau. Waya ɗaya aka zare, aka naɗe ta da kyau.

Na sami Lawwali a zaure na ajiye wayar a gabansa. Ya kalle ta, sannan ya ba ni labari.

Shekara huɗu da suka wuce ya je neman arziki wajen wani boka a bayan Rimawa, da tsakar rana. Bukka ce a gefen fadama. A ciki an binne randa har wuya, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle da wuri, busassun kawunan tarwaɗa suna reto daga rufi. Ruwan randar baƙi ne, ya leƙa bai ga fuskarsa ba. Bokan tsoho ne mai tsabtar kaya, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Ya raba albasa biyu, ya tsaga wa Lawwali yatsa, ya ɗiga jinin a rabi guda ya jefa cikin randar. Ba ta taso ba. Sai ya cika masa 'yar gora da ruwan randar.

"Ka yi mai wurin zama na ruwa cikin gidanka," in ji bokan. "Kar shi ƙahe ko yini guda."

"Mi za shi ci? Rago? Sa?"

"Bai son dabba. Duk bakin da ruwan ya shiga, nashi ne."

"In babu mai sha fa, Baba?"

"Sai shi yi haƙuri."

"Kuma arzikin bai tsayawa?"

"Ka ji na ce hakanan?"

Lawwali ya fito yana ganin ya yi wa tsohon wayo. In rijiya ya haƙa, za a sha. In randa ya ajiye, za a sha. Ya zuba gorar a wani kwano da ya kulle a ɗaka, kuɗin farko na shigowa ya gina tafki irin na otal, wanda ba a sha, ya mayar da ruwan can. Ya manta mu masu alwala ne. Sau biyar a yini ruwa yake shiga bakinmu.

Na tambaye shi yaushe ya gane. Ya ce ranar da aka yi wa Inna wanka, masu wankan suka yi maganar harshenta. A watan ne kuma ya sayi tirela ta uku.

"Sai ka zare wayar," na ce.

"Ban tilasta wa kowa ba, ƙanena. Su ke ɗiba."

Ranar kasuwar Gandi ya tafi. Na ɗauko injin ban-ruwa, na ja ruwan zuwa wani rami a fili, na rufe da ƙasa. Kafin La'asar tafkin ya bushe. Ƙasimu ya cika kafin Magariba.

Cikin mako guda albasar da ke rumbunansa duka ta ruɓe ta yi baƙi. Wadda ke kan hanya aka zubar da ita a daji. Na kai Sharifa gidanmu a Rabah. Ɗigon bai ƙaru ba, bai kuma tafi ba. Tana cin abinci, amma magana sai da ƙyar.

Lawwali an same shi durƙushe a ƙasan busasshen tafkin yana lasar siminti. Yanzu yana yawo a bakin tashar Wurno, kwalba a hannu, yana roƙon matafiya su kurɓa. Gidan babu mai saye.

Duk mai shirin zuwa irin wannan bukka ya sani: ba zai fi wanda ke ciki wayo ba. Kuma ranar da ya gane abin da ake ci, kwaɗayi ba zai bar shi ya tsaya ba. Lawwali ya ga gawar uwarsa, ya koma ya zare waya. Allah ya raba mu da son abin duniya.