Inuwar da Aka Share a Hoton 'Yardada

Dutsen farko ya faɗo ne ana kiran sallar magariba. Alhaji Salisu yana tsugune a bakin rariya yana alwala, matarsa Uwani tana kwashe tuwo, sai kwanon rufi ya yi ƙara, kwaram. Ba wanda ya ɗaga kai. A unguwar Soron Ɗinki gidaje manne suke da juna, jifa ba baƙon abu ba ne. Na biyu ya faɗo. Na uku bai taɓa kwano ba. A tsakar gida ya sauka, a hankali, kamar hannu ne ya ajiye shi. Uwani ta sunkuya za ta ɗauka, ta yi saurin janye hannu. Dutsen da zafi, kamar daga murhu aka ciro shi.

Alhaji Salisu ya ƙarasa alwalarsa ya tafi masallaci. Dama shi ba mai yawan magana ba ne. Shekara arba'in yana dukanci a Kasuwar Kurmi, ya saba da yini guda shi da fata da basilla. Amma ran nan a sahun farko sai hankalinsa ya ƙi zama a kan salla, domin ya san abin da ya yi kwana uku da suka wuce.

'Yarsu Bahijja sana'arta gyaran tsofaffin hotuna a kwamfuta. Mutanen unguwa kan kawo mata hotunan iyayensu marasa kala, waɗanda suka daɗe a ƙasan akwati har suka kakkarye, ta gyara su su fito fes. Shi ne ran Talata bayan la'asar Alhaji Salisu ya ɗauko hoton mahaifiyarsa, marigayiya 'Yardada. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. An ɗauke ta tana matashiya, zaune a kan kujera a ƙofar ɗakinta, ta ɗaga hannun hagu ta ɗora a kafaɗa. A bayan kafaɗar akwai wani baƙin abu, dogo, tsawon mutum a tsaye.

Ya zauna a gefen 'yarsa yana kallo. Ta ɗora hoton a na'urar kwafa, ya fito a fuskar kwamfuta. Ta ƙara masa girma har ƙwayar idon kakarta ta kai faɗin tafin hannu. Inda karyewar takarda ta ratsa kumatu, sai ta ɗebo fata daga gefen da ke da lafiya ta liƙa, yadda shi ma yake yi wa jaka faci. Ta rage hasken da ya cinye ɗankwali, zanen atamfar ya fito. Ta ɗan ƙara wa ido duhu. Sai ga mahaifiyarsa tana kallonsa, shekara goma bayan ya saka ta a kabari.

"Saura wannan tabon," in ji shi. "Share shi."

Bahijja ta matso da fuska. "Baba, wannan fa ba tabo ba ne. Tabo a kan takarda yake hawa, ya rufe abin da ke ƙasa. Wannan kuwa a bayanta yake. Duba, kafaɗarta ce a gaba."

"Share shi."

"To hannunta fa? Kamar wani hannun ta riƙe. In na cire, zai zama iska ta dafa."

"Na ce ki share."

Ta kama aiki. Ta riƙa ɗebo katangar da ke gefe tana shafawa a kan baƙin, kaɗan-kaɗan, har wurin ya koma bango tsura. Ya ce ta goge na asalin da ke cikin kwamfutar. Ta ce, "To, Baba." Shi kuma ya ɗauki tsohuwar takardar, da rana ta faɗi ya faki idon Uwani ya cusa ta cikin murhu.

Yana da dalilinsa. Yana yaro ya ga mahaifiyarsa tana zuba tuwo kwano biyu alhali ita kaɗai ce a ɗaki. In za ta zauna a tabarma sai ta bar gefe guda, ta ce, "Ladi, matsa mana." A layi kuwa sa'anninsa na bin sa suna cewa ɗan mai aljanu. Yanzu shi dattijo ne, ana neman shawararsa a masallaci. Hoton da za a rataye a falo, surukai su gani, ba ya son kowa a cikinsa sai uwarsa.

Washegarin jifan, da almuru, aka ji motsi a ɗakin 'Yardada. Ɗakin a kulle yake tun rasuwarta. Motsin kamar ana jan kujera, a tsaya, a sake ja. Rana ta uku Uwani ta ga Bahijja ta zauna a tabarma ta takure gefe guda, ta bar fili a hagunta. Rana ta huɗu, ladan na cewa Allahu Akbar, yarinyar ta saki butar da ke hannunta ta faɗi. Da suka ɗago ta, idonta a buɗe, amma ba su take kallo ba. Ta buɗe baki, wata murya ta fito, ta tsohuwa, mai kauri, a gajiye.

"An share ni."

Uwani ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ni ce! Wallahi ni ce, Alhaji! Ran Talata na yi shara bayan faɗuwar rana, baƙi za su zo da safe na ce bari in rage aiki. Ko bisimilla ban yi ba. Na share su ban sani ba!"

Ran Talata. Alhaji Salisu ya dubi ƙasa.

Tun daga ranar Uwani ta tattara duk tsintsiyar gidan ta ɗaure ta jefa kan soro. Ta soya waina ta rabar sadaka. Ganyen darbejiya ya taru a tsakar gida har yana rufe ƙafa, ba mai taɓa shi. Kullum da yamma sai ta durƙusa a inda ta yi sharar tana ba ƙasa haƙuri tana kuka. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana jin ta. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ya rufe.

Jifan bai tsaya ba. Bahijja ta daina cin abinci. Ruwa ma sai an ɗura mata da cokali. Da rana tana kwance kamar tsumma, magariba na yi sai ta tashi zaune ta faɗi maganar nan guda ɗaya. A kwana na bakwai da faɗuwarta Uwani ta kama hannun yarinyar, awarwaron da ke matse ta a da ya zame har gwiwar hannu. Ta nuna wa mijinta. Ya sa takalmi ya nufi unguwar Kabuga ɗauko Malam Mikail.

Malam Mikail mutum ne siriri, mai furfura a gemu, ya daɗe yana yi wa masu irin wannan larura karatu. Ya iso bayan la'asar. Ya tsaya ya dubi ganyen da ya cika gidan, ya dubi sabon hoton da ke rataye a falo, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa aka zaunar da Bahijja a tabarma aka lulluɓe ta da mayafi, uwarta ta riƙe ta. Ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa.

Inuwa ta tsallake tsakar gida ta hau katanga. Tsuntsayen da ke kan darbejiya suka yi tsit. Yana cikin karatu yatsun ƙafar yarinyar suka fara karkarwa, sannan jikin gaba ɗaya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Ladi."

"Musulma ce ke?"

"Ina salla a garin nan tun ba a haifi kakanka ba."

"To me ya kai musulma jikin 'yar mutane?"

"An share ni."

Uwani ta fashe da kuka. "Ki yafe mini, baiwar Allah, tsintsiyar ma na—"

"Ke, rufe mini baki da zancen tsintsiya," muryar ta katse ta. "Shekara nawa kina shara a kaina na taɓa yi miki magana? Tambayi Ɗanlami."

Shekara goma ba a ji sunan nan a gidan ba. 'Yardada kaɗai ke kiran ɗanta da shi. Malam Mikail ya juyo a hankali. Uwani ma ta juyo.

"Alhaji," in ji Malam, "in akwai magana, yanzu ne lokacinta."

Alhaji Salisu ya dubi siririn hannun 'yarsa da ya leƙo daga mayafi. Sai ya faɗi gaskiya. Hoton, da baƙin da ke bayan kafaɗa, da umarnin da ya bayar. Uwani ta zuba masa ido, hawayen ya tsaya mata cak.

"Kwana bakwai, Alhaji," ta ce. "Kana tsaye kana kallona."



"Shekara hamsin muna tare da uwarka," in ji muryar. "Ranar da za ta haife ka ba kowa a gidan, ni na riƙe mata baya. Ranar da ka rarrafa bakin rijiya, wa ya ja rigarka? Ban taɓa neman komai ba. Sau ɗaya tak ta ce, Ladi, zo ki tsaya a ɗauke mu. Shi ke nan abin da nake da shi. Ka sa aka share ni kamar kashin kaza."

"An yi miki ba daidai ba," in ji Malam. "Amma yarinya umarnin ubanta ta bi. Abin da kike yi mata zalunci ne, kin kuma san hukuncinsa. Fita za ki yi."

"A bar mini ita. Zan riƙe ta yadda na riƙe kakarta."

"Ba za a bar miki ba."

"To a bar mini ɗakin."

"Zamanki a gidan nan ya ƙare."

Can muryar ta dawo, ta yi laushi. "To a mayar da ni inda nake. In gani da idona. Sai in tafi."

"Wannan ba saɓo a ciki. Alhaji, ɗauko tsohon hoton."

"Na ƙona shi."

"Na cikin kwamfutar fa?"

"Na sa ta goge."

Ƙarar da ta fito daga bakin Bahijja ba ta mutum ba ce. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. Jikin yarinyar ya banƙare har Uwani ta kasa riƙe ta. Malam Mikail ya ɗaga murya da karatu, gumi na zuba a gemunsa, muryar kuma tana ihu a kan tasa: "To ita ce wurina! Ita ce wurina!" Alhaji Salisu ya zube a kan gwiwa cikin ganyen darbejiya. Bai san lokacin da ya fara cewa, "Ni ne, ni za ki kama," ba.

Sai wata 'yar siririyar murya ta kutso ta tsakani, kamar daga ƙasan rijiya.

"Baba. Ban goge ba."

Malam ya tsaya. "Ladi, sakar mata harshe da hannun dama. Yanzu."

Jikin ya lafa. Bahijja ta buɗe ido, nata idon. "Ba na taɓa asali, Baba," ta ce da ƙyar. "A kan shimfiɗa ta sama nake gyara. Na asalin yana ƙasa. Ka yi haƙuri, na ce maka to, amma na kasa."

Uwani ta ruga ta ɗauko kwamfutar ta ɗora mata a cinya. Hoton ya buɗe: 'Yardada ita kaɗai, ta dafa iska. A gefe akwai wata 'yar alama mai siffar ido. Bahijja ta kai yatsa kan alamar ta danna. Katangar da ta shafa ta ɗauke. Baƙin ya dawo, dogo, a tsaye a bayan kafaɗa. Hannun 'Yardada ya sami abin riƙewa.

Fuskar yarinyar ta sake canjawa. Ta daɗe tana kallo, hawaye na gangarowa.

"Dubi ɗan kunnenta," in ji muryar a hankali. "Ni na ce ta sa wannan." Ta ɗago kai. "Ɗanlami. Ko sau ɗaya ba ka taɓa gaishe ni ba."

Alhaji Salisu ya dubi Malam. Malam ya ce, "Sallama ce kawai. Musulmi na yi wa musulmi."

"Salamu alaikum," in ji shi. "Na gode da rijiya."

"Wa alaikumus salam."

Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta miƙe, ta girgiza, ta saki. Bahijja ta yi atishawa sau uku. A cikin kullallen ɗakin nan aka ji kamar an mayar da kujera jikin bango. Sannan ladan ya kira magariba, kuma ba abin da ya faɗo a kan kwano.

"Umma," in ji Bahijja, "akwai koko?"

Da safe Alhaji Salisu ne ya hau soro ya sauko da tsintsiya. Ya miƙa wa Uwani, ba ta karɓa ba, ba ta ko dube shi ba. Ya tsaya jim, sannan ya naɗe hannun riga ya share gidan da kansa, tun daga ƙofar ɗakin uwarsa har zaure.

Da Bahijja ta samu ƙarfi ta tambaye shi wane hoton za a wanke. Ya ce ta bar gyaran fuskar, ta bar na ɗankwalin, sauran ta mayar yadda yake. Shi ne a falo har yau. Wani lokaci baƙo kan tsaya a gabansa ya ce, "Alhaji, ga mai gyaran hoto a gida, ba za a cire wannan tabon ba?"

Sai ya ce, "Ba tabo ba ne." Daga nan ba ya ƙarawa.