Surukar da Ta Ciro Wuta Daga Ruwa

Umma na zaune a falo tana ninke kayan wanki, sai ga babbar 'yarta ta faɗo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta dire wata 'yar kwalba a kan tebur.

"Ga shi nan, Umma! Kullum na yi magana a ce na tsani yarinyar nan, matar Auta. A jakarta na tsinto shi!"

Wata hoda ce rawaya a ciki. Umma ta ja da baya, ta ƙwala wa ɗanta kira. Auta, malamin makaranta ne, ya fito da jan biro a hannu. Matarsa na biye da shi, wadda kowa ke kira Dakta tun da ta gama karatun haɗa sinadarai ta kama aiki a cibiyar bincike.

"Yaya, jakar matata kika buɗe?"

"Na buɗe ɗin! Ba banza ba ka zama sai yadda ta yi da kai. Mace ta wuni a saman bene cikin rana tana magana da kwalabe, ka ce aiki ne?"

Dakta ta durƙusa. "Umma, wallahi ba asiri ba ne, kayan lab ne, ɗakin bincikenmu. Hodar nan muke shafawa a faranti, mu zuba ruwa, mu tura masa gurɓatacciyar iskar da ke fita a hayaƙin masana'antu. In hasken rana ya sauka a kai, sai ta haɗa su su zama gas irin na girki."

"Kin ji ko, Umma? Ruwa ya zama wuta! Mu za a raina wa hankali!"

Umma ta dubi ɗanta, ba ta dubi surukar ba. "Ko ta ajiye aikin, ko ta bar mini gida. Zaɓi naka ne."

A ɗaki Dakta ta kife a kan gado ta yi kuka mai isarta. Shekaru ta yi hodar na mace mata bayan ɗan lokaci a rana, sai bana ta samu haɗin da ya jure.

"Zan ajiye, Malam. Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba."

Auta ya zauna kusa da ita, shi ma idonsa ya kaɗa. "Don Allah, daina kukan nan. Ba zan saɓa wa Umma ba, kuma ba zan kashe abin da kika ƙone fatarki a kansa ba. Ki ba ni lokaci."

Lokacin ya yi tsawo. Kowace safiya Auta ya durƙusa ya gaida Umma, ta kawar da kai. Dakta ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta yi girki a dawo mata da kwanon a rufe yadda ta kai shi. Ba ta fasa ba. Ranar da ciwon gwiwar Umma ya tashi, ita ta dafa ruwa ta gasa mata, Umma na kallon bango, ko sannu babu.

Da ya ga fuskar Umma ta ɗan saki, Auta ya roƙi abu ɗaya. "Umma, ki zo ki gani da idonki. In hankalinki bai kwanta ba, ita da kanta ta ce ta bar aikin har abada."

Da kyar Umma ta hau matakalar cibiyar, tana dafe da kafaɗarsa, Yaya na biye tana tsaki. A saman benen an jera akwatunan gilashi masu faɗi, an kishingiɗa su suna fuskantar sama. A cikin kowanne akwai faranti rawaya da ruwa kwance a kansa, ga siraran tiyo sun tafi zuwa wata 'yar tukunyar ƙarfe.

Sai dai gajimare ya rufe sararin sama ruf. Aka tsaya, aka zauna, ruwa ko motsi.

Yaya ta tafa hannu. "To, Dakta, aljanun sun tafi hutu ne?"

"Sori, Umma," in ji Dakta, kanta a ƙasa. "Ba ni da iko da rana. Sai Mai ita ya buɗe."

A karo na farko Umma ta juyo ta dube ta sosai. Ba ta taɓa jin mai tsubbu ya ce ba shi da iko ba. Ta gyara zama. "Mu jira."

Can gajimaren ya tsage. Haske ya zubo a kan gilashin, farantan suka ɗauki ƙyalli. Umma ta sunkuya. Ƙananan kumfa kamar ƙwayar gero suka fara tsirowa a jikin hodar, ɗaya, biyu, sannan ba adadi, suna saki suna hawa sama. Babu inji, babu waya, babu ƙara. Ruwa ne kawai da iska da hasken da ta saba shanya a cikinsa tun tana yarinya.

"Subhanallah," ta ce a hankali. "Numfashi yake yi!"

"Abin da ganyen bishiya ke yi kullum ne, Umma. Mu kwaikwayo kawai muke, kuma ko kusa ba mu kai shi ba."

Dakta ta jona ɗan murhu da tukunyar ƙarfen da ta daɗe tana tara gas ɗin, ta miƙa wa Umma ashana. Tsohuwar ta ƙyasta. Wuta shuɗiya ta tashi, siririya, ba hayaƙi. Umma ta kai tafinta kusa, ta ji zafi, ta janye. Yaya ta saki baki, gyalenta ya zame ba ta sani ba.

"Ita hodar fa, ta ƙone?" Umma ta tambaya.

"A'a. Haɗa su kawai take yi, ta koma gefe ta jira wasu."

"Ashe mai dalilin aure ce!"

Auta ya tuntsire da dariya har da hawaye. Kafin ya gama, wutar ta yi ƙasa ta mutu.

"Iyakarta ke nan, Umma," in ji Dakta. "Ko shayi ba ta dafa ba tukuna. Akwai sauran aiki mai yawa."

Umma ta kamo hannayenta biyu ta riƙe, hawaye na bin kuncinta. "Na zalunce ki, 'yata, kina yi mini biyayya ina mayar miki da kwano. Ki yafe mini. Gobe ki dawo bakin aikinki, in kin yi latti ni zan tashe ki!"

Yaya ta matso, murya ciki-ciki. "Ni ma ki yafe. Bakina ne ya fi ni sauri."

Dakta ta rungume su duka biyun, Auta na tsaye yana hamdala.

Da Auta ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, ko Dakta ta rama ko sau ɗaya, da Umma ba ta taɓa hawa benen nan ba. Haƙurinsu ne ya kai ta. Wanda kuwa ya ga abin da bai fahimta ba, ya fara tambaya kafin ya yanke hukunci, don abubuwan mamakin da Allah ya shimfiɗa a duniyar nan sun fi ƙarfin saninmu.