Tsaya In Karanta

Ranar da ya fara ganinta, faɗa take yi da kwamfuta. Ba da baki ba, da ido. Ta zuba tagumi ta kafe baƙin allon laftof ɗinta da harara, ga wani ɗan layi a ƙasan allon yana rarrafe kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa.

Sabuwar ma'aikaciya ce, an ɗauke ta gwaji a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja da ke saman bene, ɗaki guda mai tebura a jere da fanka mai kukan tsufa. Shi kuwa shi ke kula da intanet da kwamfutocin ofishin. Ɗan Sauri ake ce masa, domin ko gaisuwa rabinta yake yi a bakin ƙofa, rabi a kan matakala.

"Sannu da aiki, Malama. Me ya yi miki haka?"

"Tun safe nake jiransa," ta ce. "Ko shi ne ba shi da lafiya, ko ni ce."

Abin da take jira shi ne manajan fakiti, wato manhajar nan da ake rubuta wa umarni a baƙin allo, ta je ta ɗebo wa mutum duk kayan aikin da shirinsa ke buƙata ta girka masa. Ɗan Sauri ya leƙa ya yi dariya.

"Ai daga ƙarshen duniya yake ɗebo miki kaya, alhali ga saba, wato rumbun da ake ajiye kayan, nan kusa da mu. Layi ɗaya za a canja a fayil ɗin saiti. Kawo in yi miki."

Ya miƙa hannu, ta janye laftof ɗin.

"Faɗa min, in rubuta da kaina."

Ya faɗa, ta rubuta. Sannan ta koma saman layin ta ƙara ɗan bayani: wanda ya ba da shawarar, da dalilin canjin. Ta ce haka take yi wa kowane layi, don kar wata rana ta dawo ta tarar da baƙo a fayil ɗinta.

Da ta sake ba da umarnin, sai allon ya jero sunayen abin da zai girka da abin da zai cire, ya tsaya yana tambaya, kamar yadda ya saba: an yarda, e ko a'a?

"Danna e kawai," ya ce.

"Tsaya in karanta."

Ya tsaya. Bawan Allah da bai taɓa tsayawa wuri guda ba, ya tsaya yana kallon leɓenta na motsi a hankali har ta kai ƙarshe. Ta danna, layin nan mai rarrafe ya zura da gudu. Ta ɗago da murmushin da ya cika mata fuska.

"Allah Ya saka maka da alheri. Wallahi ka fitar da ni."

Daga ranar ofis ya sa mata suna Tsaya-in-karanta, shi kuma ya fara samun matsalar wayar intanet a ƙarƙashin teburinta fiye da na kowa. Wayar nan lafiyarta ƙalau, kowa ya sani, har ita.

Sai saƙonni suka fara.

"Malamata, na turo miki gaisuwa. Ki karanta a nutse, ba na sauri."

"Ƙarya kake, na ga ka turo sau biyu."

"Hannuna ne ke sauri. Zuciyata tana nan inda kika ajiye ta."

"To ta zauna lafiya, zan zo in duba ta."

Ba shi kaɗai ya ƙyalla ido ba. Akwai babban mai rubuta manhaja na ofishin, wanda ake kira Mai Turare saboda ƙamshinsa na riga shi hawa bene. Shi ma ya gwada sa'arsa, ta ba shi haƙuri cikin ladabi. Ya ce ba komai, amma Ɗan Sauri bai daina jin kishi ba duk lokacin da ƙamshin nan ya doshi teburinta.

Aikin da aka ba ta shi ne manhajar aron littattafai ta laburaren wata makaranta. In shugabar makarantar ta karɓa, Oga, mai kamfanin, zai tabbatar da ita a aiki. In ba ta karɓa ba, gwaji ya ƙare. Ta ba aikin nan ranta, har idonta ya faɗa.

Wata rana da azahar ta bar wa Ɗan Sauri laftof a buɗe ta ce ya duba mata kar caji ya ƙare. Ya zauna yana kallon allon, yana tuna yadda take murza ido tana bin sunayen fakiti ɗaya bayan ɗaya. Tausayi ya kama shi. Ya buɗe fayil ɗin saiti ya ƙara layi guda, wanda ke ce wa manajan fakiti ya daina tambaya, ya ɗauka kullum an ce e. Haka nasa yake tun da can. A ransa kyauta ya yi mata, ya ce zai gaya mata in ta dawo. Aka kira shi gyara a wani wuri, ya fita da gudu, maganar ta bi iska.

Ranar nuna aiki, suna laburaren ita da Oga, shugabar makaranta ta ce tana son ganin takardar aro ta fito daga firinta. Abu mai sauƙi, fakiti ɗaya za a ƙara. Ta rubuta umarnin ta gyara zama don ta karanta.

Allon bai tambaye ta ba.

Rubutu ya dinga zuba yana wucewa. Kafin ta kai hannu, an sabunta wannan, an cire wancan, har da wani tsohon fakiti da duk manhajarta ta jingina da shi. Ta buɗe manhajar, ta ƙi buɗuwa. Ta sake, ta ƙi. Shugabar ta dubi agogo, Oga ya dubi ƙasa, ita kuma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da suka koma ofis ba ta ko ajiye jaka ba ta buɗe fayil ɗin saiti. Ga shi nan a ƙasa, layi ɗaya tilo da babu bayani a kansa. Ta tuna jiya Mai Turare ya ari laftof ɗin ya duba wani abu. Ta juya gare shi a gaban kowa.

"Don na ce maka a'a shi ne za ka raba ni da aikina?"

Mai Turare ya dafe ƙirji yana rantsuwa, Oga ya haɗe rai yana kallonsa. Ɗan Sauri na tsugune a lungu da waya a hannu. Gaskiya ita ce, shiru kawai zai yi, abokin takararsa a nema ya tafi, ita kuma ta zama tasa ba tare da ta taɓa sani ba. Shaiɗan ya raɗa masa haka, kuma ya ji raɗar sarai. Sai ya miƙe.

"Oga, ba shi ba ne. Ni ne na sa layin."

Ya yi bayani, kalmomin na harɗe masa. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta juya ta ba Mai Turare haƙuri da hawaye a idonta. Mutumin kirki ne ashe, ya ce ya yafe. Ta dawo kan Ɗan Sauri.

"Ba lalacewar aikin ce ta fi yi min ciwo ba. Amsawa ka yi a madadina, ba ka tambaye ni ba."

A gida Umma ta ga idonta ta tsare ta sai da ta faɗa, Umma kuma ta kai wa Abba. Dama kawun Ɗan Sauri ya aiko yana neman ranar zuwa gaisuwa. Abba tela ne, mutum ne da ba ya sa almakashi a yadin kowa sai mai shi ya gani ya yarda. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "A gaya musu su dakata. Yaron da zai yanke wa 'yata hukunci a kan kwamfuta, gobe a kan me zai yanke?"

Ita kaɗai ta gyara aikinta. Ta goge layin, ta bi tarihin abin da aka girka da wanda aka cire, ta maido da tsohon fakitin, ta kafe shi a saiti yadda ba za a ƙara taɓa shi ba sai da saninta. Manhaja ta tashi garau, sai dai babu wanda za a nuna wa. Ana haka saƙon Ɗan Sauri ya shigo.

"Malama, ina son in je wurin shugabar makaranta in gaya mata laifina ne, in roƙi ta ƙara ba ki dama. Ban je ba tukuna. Kin yarda in je?"

Ta daɗe tana kallon kalmar nan, tukuna. Ta san ƙafarsa, ta san yadda zaman jira yake masa. Ta rubuta, "Na yarda."

Shugabar ta ba da dama. Firinta ta fitar da takarda, Oga ya tabbatar da ita a aiki. A kan matakala ta tare Ɗan Sauri.

"Na gode."

"Ni da na ɓata?"

"Kai da ka miƙe. Da ka yi shiru, da na zalunci bawan Allah har abada ban sani ba. Wannan ba zan manta maka ba."

Umma ce ta yi ta bin Abba da lallashi har ya ce yaron ya zo shago ya gan shi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Abba bai yi masa maganar aure ba. Wayarsa ya miƙa masa.

"An ce kai ne gwanin gyara. Ta cika, ba ta karɓar hoto. Rage min."

Wayar cike take da hotunan ɗinki na shekara da shekaru. Ɗan Sauri ya juyo da allon.

"Abba, wannan in goge?"

"Goge."

"Wannan fa?"

"Goge."

"Wannan rigar sau uku ta fito, wacce za a bari?"

Haka suka yi ta yi har shayin Abba ya huce. Can sai ya fashe da dariya ya fizge wayarsa.

"Kai, tashi ka je, ka ishe ni! Ka ce wa kawunka ina jiransa."

Da yammacin ranar wayarta ta yi ƙara.

"Hasken idona, ga abin da za a girka: mutum ɗaya mai gaggawa, mai mantuwa, mai sonki fiye da yadda bakinsa ya iya faɗa. Ga abin da za a cire: yanke hukunci shi kaɗai. Abba ya yarda, amma ba amsarsa nake jira ba. E ko a'a?"

"Tsaya in karanta."

Ya tsaya. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga, ya duba ko data ce ta ƙare. Bai sake turowa ba.

"Na karanta har ƙarshe, Ɗan Saurina. E."

Aka ɗaura aure cikin dangi da abokan aiki. Mai Turare ne ya fi kowa kai da kawo wajen tarbar baƙi, ƙamshinsa ya wadaci taron. Abba ya riƙe hannun ango ya daɗe yana sa albarka, Umma na share hawaye tana cewa amin.

Ba a jima ba suka sayi kwamfutar gida. Ango ya zauna zai girka mata kayan aiki, amarya na ɗaki tana jera littattafanta. Allon ya jero sunaye ya tsaya da tambayarsa. Yatsansa ya kai kan maɓallin, sai ya janye hannun ya ɗora a cinya.

"Amarya! Zo ki karanta mana."

Ta fito tana dariya, ta ja kujera ta zauna kusa da shi, suka bi layin tare tun daga sama. Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a mai albarka, masu saurin uba da natsuwar uwa.